Ƙurɗuba: Majami'ar da ke zaune a tsakiyar masallaci

Da misalin ƙarfe tara na daren Juma'a, 8 ga Agustan 2025, hayaƙi ya turnuƙe saman tsohon birnin Kodoba da ke kudancin Sifaniya, birnin da littattafan Larabci ke kira Ƙurɗuba. Gobara ce ta tashi a ginin da ya fi kowane gini daraja a garin. 'Yan kwana-kwana sun shawo kanta cikin 'yan sa'o'i. Rufin wani ƙaramin ɗakin addu'a ya rufta, amma ba a rasa rai ba, kuma da gari ya waye aka buɗe wa baƙi ƙofa, aka killace wurin da ya ƙone.

Wanda ya bi labarin a daren zai lura da wani abu. Wasu kafafen yaɗa labarai sun ce masallaci ne ke ci da wuta, wasu suka ce majami'a ce, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Sunan da ke jikin tikitin shiga shi ne Mezquita-Catedral, wato Masallaci-Majami'a. Musulmi ne suka aza harsashinsa a wajajen shekarar 785, suka yi salla a cikinsa shekara 450. Daga 1236 zuwa yau kuwa, kusan shekara 790 ke nan, shi ne babbar majami'ar Katolika ta birnin, mazaunin bishop, inda ake ibada kowace safiya. Sama da mutum miliyan 2 ke ziyartarsa a shekara, kuma duk wanda ya shige shi da sanin rabin tarihinsa kawai, da rabin fahimta zai fito.

Daga tashar jirgi zuwa farfajiyar lemo

Ma'aikacin da aiki ya kai shi Madrid, ko taro a hedikwatar hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can, yini guda ya ishe shi zuwa Ƙurɗuba da dawowa. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ke tashi daga tashar Atocha ba ya cika awa biyu a hanya. Daga tashar Ƙurɗuba ana gangarawa kudu, a ratsa sabon gari, a faɗa lungunan tsohuwar unguwar Yahudawa masu fararen bangaye, sai kwatsam mutum ya ga katangar dutse a gabansa, mai kama da ganuwa, tsawonta kusan mita 180, faɗinta kusan mita 130.

Babbar ƙofar arewa, wadda ake kira Ƙofar Gafara, tana kai mutum wata farfajiya mai layukan itatuwan lemo da maɓuɓɓugan ruwa. A nan masallata ke alwala a da. Shiga farfajiyar kyauta ne, shi ya sa za ka tarar da tsofaffin garin zaune a inuwa, ga yara na guje-guje. A gefe guda hasumiyar ƙararrawa ce mai tsayin mita 54. Ita ma tana da nata sirrin: hasumiyar kiran salla da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a wajajen 951 tana nan a cikinta. Daga 1593 aka fara lulluɓe tsohuwar da sabon gini, har ta ɓace wa mai kallo daga waje.

A zamanin masallaci, layukan ginshiƙai goma sha tara duk a buɗe suke ta ɓangaren farfajiya, haske da iska na kwarara ciki. Bayan an mai da ginin majami'a aka toshe yawancin waɗannan ƙofofi, aka jera ƙananan ɗakunan addu'a a jikin bangaye. Saboda haka mai shiga yau daga hasken rana yake faɗawa cikin duhu-duhu, sai ya ɗan tsaya idonsa ya washe.

Kurmin ginshiƙai

Abin da ido ke fara gani shi ne ginshiƙai sama da 850 na marmara da sauran duwatsu, jere ta kowace fuska, kowanne ɗauke da bakan gizo hawa biyu, mai ratsin ja da fari. Jan na tubali ne, farin na dutse. Wannan fasali da ya zama tambarin birnin, larura ce ta haife shi. Maginan farko sun ɗebo ginshiƙan ne daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Bisigot, Kiristocin da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi a 711. Ginshiƙan gajeru ne, ba za su iya ɗaga rufi sama yadda ya kamaci zaure mai wannan faɗi ba. Sai magina suka ɗora wani dogari a kan kowane ginshiƙi, suka yi baka ɗaya a ƙasa mai siffar kofaton doki don ya riƙe ginshiƙan da juna, suka yi na biyu a sama don ya ɗauki rufin. Mai lura zai ga kawunan ginshiƙan ɓangaren farko ba su yi kama da juna ba, domin kowanne da gidan da aka ciro shi.

Wanda ya fara aikin shi ne Abdurrahman na Ɗaya, ɗan gidan sarautar Banu Umayya da ya tsira daga kisan da Abbasiyawa suka yi wa danginsa bayan 750. Ya ratsa Arewacin Afirka a guje, ya tsallaka teku, ya kafa mulki a Ƙurɗuba a 756. Birnin na bunƙasa, masallaci na ƙaranci, magada na ƙara shi. Abdurrahman na Biyu ya tura bangon alƙibla gaba a ƙarni na tara. Hakam na Biyu ya sake tura shi daga 961. Da aka matso kusa da kogi babu sauran wurin ƙari ta kudu, sai waziri Al-Mansur ya faɗaɗa ginin ta gabas daga 987, ya ƙara layuka takwas. A wannan ɓangare na Al-Mansur ne gobarar 2025 ta tashi. A jikin wasu ginshiƙansa har yau ana iya ganin alamomi da sunayen da masassaƙan dutse suka zana.

Ƙarin Hakam na Biyu ya fi kowanne ado. Mihirabinsa ɗan ƙaramin ɗaki ne sukutum, rufinsa sassaƙe kamar ƙwaryar kifin teku. Fuskarsa an lulluɓe ta da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi da kore, an rubuta ayoyin Alƙur'ani da rubutun Kufi a kewaye. Marubutan tarihi na Larabawa sun ruwaito cewa Halifan ya aika wa sarkin Rumawa Kirista na Kustantiniyya ne, shi kuma ya turo masa gwanin wannan sana'a da kayan aiki. Wani abin da ke ɗaure wa baƙi kai shi ne alƙiblar tana kallon kudu, alhali Makka tana ta kudu maso gabas nesa da haka. Masana sun kawo dalilai mabambanta, ciki har da bin tsarin titunan Rumawa da aka tarar a wurin.

Sunan birnin ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa. Muwaɗɗa Malik da aka fi karantawa a ko'ina ruwayar Yahya bin Yahya Al-Laisi ce, malamin Ƙurɗuba da ya rasu a 848, wanda ya taka babbar rawa wajen kafuwar mazhabar Malikiyya a Andalus. Ibn Rushd, mai Bidayatul Mujtahid, a nan aka haife shi a 1126, kuma ya yi alƙalancin birnin. Imam Ƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, ya bar shi bayan faɗuwarsa, ya rasu a Masar a 1273. Shi kansa ɗan littafin fiƙihun nan da almajirai ke kira Ƙurɗabi, daga nisbar wannan birni sunansa ya fito.

Ranar da ƙararrawa ta maye gurbin ladani

A ƙarshen watan Yunin 1236 Sarki Fernando na Uku na Kastila ya ci Ƙurɗuba. Nan take aka tsarkake masallacin bisa ƙa'idar Katolika, aka sadaukar da shi ga Nana Maryamu. Littattafan tarihin zamanin sun kawo wani labari da ke nuna yadda ramuwa ke zagayowa. A 997 Al-Mansur ya kai hari Santiyago da ke arewa, wurin ziyarar Kiristoci mafi tsarki a ƙasar, ya sa fursunoni Kiristoci suka ɗauko ƙararrawar majami'ar zuwa Ƙurɗuba, aka mai da su fitilun masallaci. Bayan shekara 239 Fernando ya sa fursunoni Musulmi suka mayar da su a kafaɗa.

Abin da ya biyo baya shi ya bambanta Ƙurɗuba da takwarorinta. A Toledo an rushe babban masallaci an gina majami'a a gurbinsa a ƙarni na 13. A Sabiliya an yanke shawarar yin haka a 1401, ba abin da ya rage sai hasumiya da farfajiya. A Ƙurɗuba kuwa an bar ginin kusan yadda yake har shekara kusan 300. Sarauta ta ɗora wa magina da kafintoci Musulmi da suka rage a birnin aikin kwana biyu a shekara don gyaran ginin, wato jikokin waɗanda suka gina shi ne suka ci gaba da toshe masa ɓaraka. Ɗakin addu'ar sarakuna da aka kammala a 1371 ma da adon Andalus aka ƙawata shi.

Babban sauyi ya zo a 1523, lokacin da Bishop Alonso Manrique ya ƙudiri aniyar gina cikakkiyar majami'a irin ta zamani a tsakiyar zauren. Majalisar birnin, wadda duk Kiristoci ne, ta ce ba ta yarda ba, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk magini ko kafintan da ya taɓa ginin. Magana ta je gaban Sarki Karlos na Biyar, ya goyi bayan bishop. Magini Hernán Ruiz ya fara aiki, ɗansa ya gaje shi, ba a rufe ƙubbar ba sai a farkon ƙarni na 17. Ana ruwaito cewa da sarkin ya zo ya gani da idonsa ya yi da-na-sani, ya ce an lalata abin da babu irinsa a duniya don a gina abin da ake samu a kowane gari.

Mai ziyara ba ya ganin majami'ar daga nesa. Yana cikin tafiya tsakanin gajerun ginshiƙai a duhu-duhu, sai rufi ya ɗage sama, haske ya zubo daga tagogi, ga bagadi na jan marmara, ga farar ƙubba mai ado da ruwan zinariya. Gaskiya ne akwai majami'u irinta a wasu biranen, amma kujerun mawaƙanta ba kasafai ake samun kamarsu ba. Pedro Duque Cornejo ya fara sassaƙa su a 1748 da katakon mahogani, ɗan'uwan maɗaci, da aka kawo daga nahiyar Amurka, ya cika su da hotunan labaran Littafi Mai Tsarki da na shahidan Kiristocin Ƙurɗuba. Ya rasu a 1757 dab da kammala aikin, kuma a nan aka binne shi. A ma'ajin majami'ar akwai wani abin ado na azurfa da zinariya da ya haura mita 2, aikin Enrique de Arfe na farkon ƙarni na 16, wanda har yau ake fitowa da shi a zagaya gari ranar idin Jikin Almasihu.

Masu zargin bishop na 1523 suna da hujja, domin an cire ginshiƙai da dama, an yanke wa zauren numfashi. Sai dai akwai masana gine-gine da ke ganin cewa da ba a ci gaba da ibada a wurin ba, da tuni ya bi sahun Madinatuz Zahra, birnin fadar halifofi da ke kilomita 8 yamma da nan, wanda aka wawashe a farkon ƙarni na 11, aka riƙa kwasar duwatsunsa ana gini da su har ya zama kufai. Ginin da ke da mai shara da mai gyaran indararo shi ke daɗewa. Shi mihirabin ma ya yi ƙarnoni a ɓoye cikin wani ɗakin addu'a, sai a farkon ƙarni na 19 aka buɗe shi aka fara gyara adonsa. Gwamnati ta ayyana ginin a matsayin kayan tarihin ƙasa a 1882, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin kayan tarihin duniya a 1984.

Yuro 30 da takardar mallaka

Wanda ya saba da fayil da rajistar filaye zai fi kowa gane rigimar da ake yi a yau. Wata dokar 1946, ta zamanin Janar Franco, ta ba bishop ikon yi wa kadara rajista da sunan Coci bisa shaidarsa kawai, tamkar shi jami'in gwamnati ne. A 1998 gwamnatin José María Aznar ta faɗaɗa wannan dama ta haɗa da wuraren ibada. A 2006 hukumomin Cocin Ƙurɗuba suka yi wa ginin rajista da sunansu a kan kuɗin da bai wuce Yuro 30 ba. An soke damar a 2015, kuma jerin da gwamnati ta fitar a 2021 ya nuna kadarori kusan 35,000 ne aka yi wa irin wannan rajista a faɗin ƙasar tsakanin 1998 da 2015.

Da maganar ta fito fili, wata ƙungiyar 'yan gari ta tara sa hannun dubban ɗaruruwan mutane tana neman a ayyana ginin a matsayin dukiyar al'umma. Abin da ya ƙara rura wutar shi ne, a wasu shekaru kalmar "masallaci" ta ɓace daga takardun da ake raba wa baƙi, aka bar "Majami'ar Ƙurɗuba" kawai. A 2016 aka dawo da sunan mai haɗe da kalmomin biyu. A 2018 wani kwamitin masana da majalisar birnin ta kafa, wanda tsohon shugaban UNESCO Federico Mayor Zaragoza ke ciki, ya ce babu takardar da ta nuna an taɓa mallaka wa Coci ginin.

Coci ta yi watsi da wannan rahoto. Matsayinta shi ne Sarki Fernando ya ba ta ginin a 1236, ta riƙe shi ba yankewa tun daga lokacin, rajistar 2006 kuma rubuta abin da kowa ya sani ne kawai. Tana ƙarawa da cewa kafin masallaci akwai majami'ar Waliyyi Bisente a wurin, tana nuna wasu daɓen ado da aka tono a shekarun 1930, waɗanda baƙo ke iya leƙawa ta wani gilashi a ƙasa kusa da ƙofar shiga. Masana tarihi ba su haɗu a kan fassarar waɗannan burbushi ba. A aikace dai majalisar limaman majami'ar ce ke karɓar kuɗin tikiti, ita ke biyan masu gadi da masu gyara.

Gobarar 2025 ta sake tayar da tambayar wa ke sa ido a kan mai riƙon. Wutar ta fara ne a wani lungu da aka mai da ma'ajin kujeru da kayan shara, kuma rahotannin farko sun ɗora zargi a kan wata na'urar shara mai aiki da lantarki. Masu suka suka ce bai kamata a jibge kaya a cikin gini mai shekara dubu ba. Hukumomin majami'ar suka ce tsarin ko-ta-kwana da suka tanada tare da 'yan kwana-kwana shi ya hana ɓarnar yaɗuwa.

Salla, hula da lokacin shiga

Abin da ya wajaba baƙo Musulmi ya sani tun kafin ya sayi tikiti shi ne ba a yarda a yi salla a cikin ginin ba, ko a gaban mihirabi, wanda ma akwai shinge tsakaninsa da masu kallo. Masu gadi na lura, kuma sukan yi magana da zarar sun ga alamar ruku'u ko sujada. Musulmin Sifaniya sun kai koke Fadar Vatikan a 2004 suna neman a ba su dama, ba a amsa musu ba. A ƙarshen 2006 shugabansu Mansur Escudero ya shimfiɗa darduma a waje, jikin katanga, ya yi sallarsa a gaban 'yan jarida. A 2010 wasu matasa Musulmi da suka zo daga Ostiriya suka tayar da salla a ciki, aka yi dambe da masu gadi, 'yan sanda suka shigo, magana ta kai kotu, wadda daga baya ta sallame su. Hujjar Coci ita ce wurin keɓaɓɓe ne ga ibadar Katolika. Mai ɗauke da fasfon aiki ya san abin da irin wannan hatsaniya za ta jawo masa da ofishin da ya turo shi. Akwai ƙaramin masallaci da ake kira Morabito a lambun Colón, tsakanin tashar jirgi da tsohon gari, inda matafiyi zai iya sauke farali.

Baƙo ɗan Katolika kuwa zai tarar da majami'a mai rai. Ana ibadar Misa kullum, shiga don ibada ba ya buƙatar tikiti, ranar Lahadi kuma ana dakatar da masu yawon kallo daga hantsi zuwa bayan azahar. Al'adar majami'un Katolika ce namiji ya cire hula idan ya shiga, kuma ana son suturar mutunci da sassauta murya daga kowa. An saba buɗe ƙofa kyauta na awa guda da sassafe daga Litinin zuwa Asabar ga masu zuwa ɗaiɗaiku. Wannan ne lokacin da ya fi daɗi, kafin motocin ayari su iso. A watannin Yuli da Agusta zafin Ƙurɗuba na haura digiri 40, don haka Afrilu da Mayu ko Oktoba sun fi dacewa.

Wanda ƙafarsa ke da ƙwari kada ya bar wurin bai hau hasumiyar ba. Tikitinta daban ne, ana hawa rukuni-rukuni. A kan matakala zai wuce ragowar tagogin hasumiyar Abdurrahman na Uku, masu bakan ja da fari, kafin ya kai inda ƙararrawa ke rataye. Daga can sama tsarin ginin ke fitowa sarai: dogayen rufuna a jere kamar kunyoyin gona, majami'ar mai siffar gicciye ta ɓullo daga tsakiyarsu, a bayansu kuma ga gadar Rumawa a kan kogin Guadalquivir, wanda sunansa Larabci ne da bakin Sifaniyawa ya tanƙwara, Al-Wadil Kabir, wato babban kogi.